Bahaguwa da alkawarin Ringim

Akwai wani labari da kuke yawo da shi a gidan nan, na kuma gaji da jin sa a karkace. Duk sallar da aka taru, da an ci an ƙoshi, sai Abba ya gyara zama ya soma: wai ranar da aka dawo da shi daga wankan jego a kan buhunan gyaɗa ya shigo Kano, alhali ubansa na da mota a ƙofar gida, an lulluɓe ta da tamfol ana goge ta safe da yamma. Jikoki su yi ta ƙyaƙyatawa suna satar kallona. To Abba, kai da a lokacin ko wuyanka bai tsaya ba, ina ka san abin da aka yi? Ba a kan buhu ka zo ba, a gaban mota ka zo, kusa da direba. Sauran kam gaskiya ne, akwai mota, akwai tamfol. Amma akwai dalili, kuma tunda wadda za ta taya ni faɗa ta riga mu gidan gaskiya, bari in rubuta muku shi da hannuna kafin ni ma in bi ta.

A shekarar nan ina makanikin injin saƙa a wata masaƙa da ke Bompai. Sharaɗa da Chalawa da kuka sani yanzu, lokacin yawancinsu gonakin dawa ne, ana dai ta raɗe-raɗin za a kai kamfanoni can. Bompai ce ke tashe. Da jiniyar safe ta yi kuka sai ka ga titi ya cika maƙil da kekuna, daga Gwagwarwa, daga Tudun Wada, daga Dakata, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a kariya. Ni ma keke gare ni, baƙi, mai fitila. Sai dai na fi abokan aikina da abu guda, na iya tuƙi, domin kamfani ya sa an koya mini don in riƙa ɗauko kayan gyara daga tashar jirgin ƙasa, har lasin na samu. Lasin na aljihu, mota babu. In na gama ɗauko kayan na miƙa makulli, sai in hau kekena in kama hanyar Gwagwarwa, inda nake zaune a gidan mahaifina, kakanku Malam, mai karantar da manya a zaure.

Mahaifiyata mutuniyar Maraɗi ce, ta rasu ina ƙarami, kuma shanun da na gada daga gare ta suna hannun ƙanenta, Kawu Ila. Sai ga saƙo ta bakin wani mai fataucin goro, wai Kawu ya ce ya ga kiwo na neman lalacewa, ya sayar da shanun, kuma wani Bature mai haƙar rijiyoyi zai koma ƙasarsu, ya karɓar mini motarsa. Na yi dariya na ce wa mai goron ya daina cin kayan sayarwarsa da yawa. Ashe da gaske ne. Bayan Ƙaramar Sallah, wata rana da la'asar mun taso daga aiki, na tarar da ƙofar kamfani ta cushe, mutane sun yi da'ira, har mai gadi ya bar ƙofarsa. Na kutsa. Wata mota ce koriya shar, doguwa, mai lambar Nijar, rana na dukan gilashinta. Direban Kawu ya buɗe ƙofa ya fito, sai kowa ya ɗauki salati, domin ta ɓangaren hagu ya fito. A lokacin, ku sani, a hannun hagu ake tuƙi a ƙasar nan, kuma duk motar da ke Kano sitiyarinta a dama yake. Wani abokina ya leƙa ciki ya ɗago ya ce ai wannan Bahaguwa ce. Sunan ya bi ta har ta mutu.

Wallahi ban san yadda na isa gida ba a ranar. Kekena ma a kamfani na manta shi. Yara na bin mu da gudu tun daga titi, mata na leƙe ta kan katanga, maƙwabta na shafa ta suna yi mini barka kamar an yi mini haihuwa. Haihuwar ma tana hanya, domin uwarku Binta tana Ringim gidan iyayenta goyon ciki, ba ta ma san da zancen mota ba. Ba a jima ba aka aiko ta sauka lafiya, an sami namiji. Na hau jirgin ƙasa na tafi suna, kuma a nan bakina ya ja mini. A zauren surukina, gaban dattawan unguwa, bayan an shafa fatiha, na ce in Allah ya yarda ranar da mai jego ta gama arba'in ba jirgi za ta hau ba, ba motar kasuwa ba, ni zan zo da motata har ƙofar gidan nan in ɗauke ta ita da ɗanta. Kafin in tashi zancen ya shiga cikin gida, na ji guɗa ta tashi. Da na samu shiga yi mata sallama, Binta na zaune ta sunkuyar da kai, ƙawayenta sun cika ɗaki. Ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ta kira ni da Malam kamar yadda ta saba.

"Malam, kada ka faɗi abin da za a zo ana yi mini dariya."

Na ce mata ta sa ido a hanya kawai.

Da na dawo Kano sai na shiga neman takardu da zafina. Takardar da motar ta shigo da ita ta baƙunta ce, da sunan direban Kawu, kuma wa'adinta ya cika tun da ya juya. Na fara da ofishin inshora, wani bene a bakin Bompai, domin a tunanina abin kamar sayen tikitin jirgi ne, ka biya a miƙo maka. Na sami wani Malam Sabo, siriri, mai tabarau, mutum ne da ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya ba ni kujera ya soma tambaya. Daga ina motar ta fito, wa ya shigo da ita, an biya mata fito a kwastan, sunan wa ke kan takardar mallaka, wa zai riƙa tuƙa ta, mutane za ta ɗauka don kuɗi ko ta gida ce. Ni kuwa alfahari na cina, na zayyana masa komai, har da cewa sitiyarinta a hagu yake, don ina so ya san ba irin motocin gari ba ce. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce to, a yanzu dai motar nan a idon hukuma ta Kawu ce, kuma 'yar Nijar ce, shi ba zai iya rubuta ta da sunana ba sai Kawu ya sa hannu ya sallama mini, kwastan sun karɓi fitonsu, an ba ta lambar ƙasar nan. Na ce ai mu biyu ne a ɗakin, ya rubuta kawai a wuce wurin. Bai ji haushi ba.

"Malam Idi, takardar nan ba laya ba ce. Alkawari ne tsakaninmu da kai, kuma a kan abin da ka faɗa mini ake gina shi. In ka ce mini jaki ne alhali doki ne, ranar da ya harbi wani ba mu san shi ba."

Na fito ina gunaguni, amma ban damu sosai ba, tunda Maraɗi ba nisa. Na aika a gaya wa Kawu ina tafe. Sai ga amsa ta dawo. Kawu ya tashi zuwa Makka, sai bayan Babbar Sallah da makonni ake sa ransa. Arba'in ɗin Binta kuwa daidai sallar za ta cika. Na zauna a kan bonet ɗin Bahaguwa na rasa abin da ke mini daɗi. Mutum ya tafi sauke farali, da wane baki za ka yi ƙorafi?

A nan Ɗanliti ya shigo labarin. Ɗan kamasho ne da ke wuni a gindin bishiya kusa da inda ake yanka lasin, kullum da biro a hula da jaka a hammata, kowa abokinsa ne. Ya ji matsalata ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce wannan ai ba matsala ba ce, matsalar yara ce. Ya ce akwai motocin da suka mutu amma takardunsu na raye. Za a samo lamba da takardun wata da ta riga ta zama ƙarfe, a ɗaura wa Bahaguwa, a kai wa wani mai inshorar da ba ya saukowa daga bene ya duba mota, shi ke nan ta zama 'yar gari, ba kwastan ba Kawu. Na ce sitiyarin fa? Ya ce wa zai tsaya karanta wannan, kuma ai gwamnati ma na ta shelar nan gaba kaɗan za a canza hannu, kowa ya koma dama. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Na riga na ga kaina ina shiga Ringim ina danna hon. Na ce ya kawo in gani.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo da abin a naɗe cikin tsohon buhun siminti. Muka tsuguna bayan motar ya kwance. Lamba ce guda biyu, ta gaba da ta baya. Ta bayan lafiya lau. Ta gaban an daddake ta da guduma an miƙe ta, fentin ya farfashe a inda ta lanƙwashe. Na karanta ta, na sake karantawa. Na san lambar nan. Motar Alhaji Mamuda ce, wani dilan yadi da ke ajiye ta a ƙofar masaƙarmu duk mako, har na taɓa ɗaure masa bel ɗin fanka ya ba ni goro. Da damina ya yi karo da babbar mota a hanyar Zariya, gaba da Na'ibawa, shi da maiɗakinsa da 'yarsu ƙarama, ba wanda ya fita. Da ni aka yi musu salla. Ɗanliti na ta zuba, wai ƙarfe ne kawai, ƙarfe bai san wanda ya mutu ba. Ni kuwa abin da nake gani shi ne Binta da jariri a cikin mota, wannan lamba a goshinta, ina bin hanya ina addu'ar kada a tsayar da ni, ga hedkwatar 'yan sanda a Bompai da zan riƙa wucewa ta gabanta safe da yamma. Kuma in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, takardar da zan nuna ta mamaci ce.

Duk abin nan ashe kakanku Malam na zaure yana jin mu. Dama tun farko shi bai yi na'am da zancen inshora ba, ya sha ce mini yaya mutum zai biya kuɗi a kan abin da bai faru ba, ni kuma in ce doka ce, kuma don wanda ka buge ne ba don kai ba, sai ya girgiza kai ya ci gaba da jan carbi. A ranar ya fito da buta a hannu, ya tsaya a kanmu ya dubi lambar nan. Ɗanliti ya zube yana gaisuwa. Malam bai ko kalle shi ba, ni ya kalla.

"Idi, inshorar nan har yanzu raina bai kwanta da ita ba, amma ita zan iya tambayar waɗanda suka fi ni sani. Wannan kuwa ba sai na tambayi kowa ba."

Ya wuce alwalarsa. Na naɗe lambar na miƙa wa Ɗanliti. Washegari na sayo tamfol. To kun ji inda tamfol ya fito.

Saƙon da na aika Ringim gajere ne, cewa takardun mota ba su kammala ba, a ƙara mini haƙuri. Ba a kai wa mai jego zancen gawa da hatsari, don haka ban faɗi dalili ba, su kuma suka cike gurbin da abin da suka ga dama. Wasu suka ce babu wata mota, cika baki ne irin na 'yan kamfani. Wasu suka ce akwai, amma ta ubangidana ce nake wankewa. Ƙawayen Binta in sun ji ƙarar babur a waje sai su ce mata ta tashi ga angonta ya iso. Ta haƙura har sallah ta wuce da kwanaki, sannan ta ce wa uwarta ita kam ta gaji da zama abin nuni. Aka samu wata motar gyaɗa ta wani ɗan uwansu mai zuwa Kano, aka sa ta a gaba ita da Gwaggo Hajo, yayar babanta da ta yi mata wanka, kayan gara a baya. Na dawo daga aikin safe na tarar da su a tsakar gida. Na yi sannu da zuwa, na ƙara. Binta ta gyara mayafi, ta dubi wajen ƙofa inda tamfol yake, ta dube ni.

"Sannu da mota."

Abin da ta ce ke nan, kuma kusan shi ke nan abin da na samu a bakinta na tsawon makonni in ban da gaisuwa. Abinci na zuwa a kan lokaci, ruwan wanka na zuwa, amma fuska a ɗaure tamau. Abin ya ci mini rai ƙwarai, domin ni mutum ne mai son hira, kuma uwarku ita ce abokiyar hirata. Da na ga jikinta ya yi ƙwari, wata rana da hantsi na zaunar da ita na ba ta labarin buhun siminti tun daga farko. Ta jawo Abba daga kan tabarma ta rungume shi, ita da ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane saboda kunyar ɗan fari. Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Ta ce ta ji, kuma da na ɗaura lambar nan da ba za ta yafe mini ba. Sannan ta ƙara da abin da ban shirya masa ba.

"Amma ni ba rashin hawa mota ne ya dame ni ba. A Ringim aka yi mini dariya, ba a Kano ba."

Na ce to ai sai mu koma Ringim.

Ta ɗauka wasa nake. Ni kuwa daga ranar jinina ya sake tashi. Da labari ya zo cewa Alhaji Kawu ya sauka, na ɗauki hutu na tafi Maraɗi, na yi masa barka da dawowa, na sha zamzam, na kuma tsare shi da takarda kafin ya gama raba tsaraba. Ya sa hannu yana dariya, ya ce da ya san haka ne da akuya ya saya mini. Daga nan kwastan. Suka zo suka buɗe bonet, suka karanta lambar inji da ta jiki, suka yanka fito, na biya har da sayar da kekena da rediyona, ban ko ji zafi ba. Aka ba ta lamba sabuwa fil, tata ta kanta, wadda ba a taɓa ɗaura wa kowa ba. Na koma benen nan ina taka matakala bibbiyu. Malam Sabo ya sauko da kansa, ya zagaya Bahaguwa, ya leƙa ciki, ya rubuta ta yadda take: daga Nijar ta shigo, sitiyari a hagu, ta gida ce, mai ita ne zai tuƙa. Ya ce in sa a rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe cewa mai hannun hagu ce don na baya ya sani. Ya kuma ja mini kunne da abu guda. Tunda ni a gefen titi nake zaune, ba zan ga abin da ke tahowa ba in zan wuce babbar mota, don haka kada in kuskura in wuce sai da mutum a kujerar dama yana duba mini. Ya miƙo takardar. Wallahi sai da na sumbace ta a gabansa, ya ce a'a, ai na gaya maka ba laya ba ce.

Ranar Lahadi da sassafe na yaye tamfol. Unguwa ta fito. Gwaggo Hajo ta shiga baya da Abba a cinya tana ta bisimilla. Binta ta nufi baya ita ma, na ce a'a, gaba za ki zauna, ke ce idona. Mata suka kama baki, domin a lokacin ba a saba ganin matar aure a gaban mota kusa da mijinta ba. Ta dubi Malam da ke tsaye a ƙofar zaure. Ya ce in don tsaron rai ne ta shiga. Muka ɗauki hanya. Kafin Jogana muka cim ma wata babbar mota tana tafiya kamar ba ta so, hayaƙi na turnuƙe mu. Na ce Binta duba mini. Ta miƙa wuya, ta riƙe mayafi da hannu ɗaya, ta ce tsaya, akwai wata. Ta wuce. Ta ce tsaya, akwai mai keke. Ya wuce. Sannan ta ce, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba:

"Malam, wuce!"

Na taka totur, Bahaguwa ta yi gurnani ta zabura, muka bar babbar motar nan a baya. Gwaggo Hajo na salati, Abba ya farka ya tsala kuka, uwarku kuwa ta tuntsire da dariya har da dukan cinya, dariyar da na yi makonni ina nema. Daga nan har Ringim ba ta bar kowa a gabanmu ba. Har amalanke sai ta ce in wuce.

Ga yadda muka tsara. Bayan tashar jirgi na sauke su, suka shiga gari a ƙafa kamar masu zuwa ganin gida. Ni kuwa na koma gindin wata tsamiya a bayan gari, na sayi ruwa wajen mai garuwa, na wanke Bahaguwa tas, na sa babbar rigata. Da aka idar da azahar na shigo ta babban titi a giya ta ɗaya, ina danna hon tun daga bakin kasuwa. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mahauta suka bar nama, masu awo suka bar mudu, kafin in kai ƙofar gidan surukina ba a ganin motar don mutane. Kowa ya san Binta ta riga ta tare tuntuni, kowa ya san wasa muke, amma ba wanda ya ɓata mana. Surukata ta sa aka sake ɗaura ɗan abin gara a kwano, ƙawayen nan masu tsokana su ne kan gaba wajen guɗa, suna rige-rigen riƙe mata mayafi. Surukina ya fito da sandarsa, ya zagaya motar, ya tsaya ya karanta rubutun baya, ya buɗe ƙofar hagu ya ga sitiyari ya rufe. Ya miƙo mini hannu fuska ba dariya.

"Ka makara, Idi. Amma ka zo."

Aka fito da uwarku, ta ratsa taron nan kanta a sama, ta buɗe ƙofar gaba da kanta ta zauna. To Abba, ka ji. Sau biyu aka kawo ka Kano, kai kuma na farkon kawai kake faɗa.

A hanyar dawowa, wajen Gezawa, ɗan sanda ya ɗaga mana hannu. Ni da tun safe nake fatan a tsayar da ni! Ya taho da ƙarfinsa ya nufi tagar dama inda ya saba samun direba, ya sunkuya ya ce lasin, sai ya yi ido huɗu da mace cikin mayafi. Ya ja da baya, ya dubi mota, ya sake leƙowa yana neman sitiyari. Binta ta nuna masa ni da baki. Na miƙa masa takarduna ɗaya bayan ɗaya, na kwastan, na mallaka, na inshora, har wadda bai tambaya ba. Ya karanta, ya zagaya ya duba lamba, ya dawo ya ce komai daidai, Allah ya kiyaye hanya. Na so ya ƙara tambaya, amma ya riga ya juya.

Ba a yi nisa ba da bazara aka canza hannu. Wata safiyar Lahadi ce, gari ya fito kallo, motoci na rarrafe a hannun dama da fitilu a kunne, direbobi na zufa. Dare ɗaya Bahaguwa ta zama ita ce daidai, sauran motocin Kano suka zama bahagwai. Manajanmu da kansa ya zo yana leƙa ta yana tambayar inda ake samun irinta. Na kankare rubutun baya da reza, na je na shaida wa Malam Sabo, ya ce ba abin da za a gyara, yadda aka rubuta ta haka take. Na ce wa Binta to, yanzu ina ganin hanya da kaina, sai ta koma baya ta huta kamar matan manya. Ta ce kujerar nan da wuyanta ta same ta, ba mai tashin ta.

Ba ta tashi ba kuwa. Bahaguwa ta tsufa ta mutu a hannunmu lokacin ina aiki a Chalawa, muka yi wasu motocin bayanta, duk a kujerar nan uwarku take. Kuma ba ta daina ba ni izini ba. Tun da aka canza hannu ita ce ta koma gefen titi, ba abin da take gani sai bayan motar gabanmu, na sani, ita ma ta sani. Amma in muka cim ma babbar mota sai in ɗan dakata, ita kuma ta miƙa wuya kamar da gaske ta ce Malam wuce, sannan in wuce. Kuna baya kuna mana dariya, ba ku san daga inda abin ya faro ba.

Bara, da muka je Ringim kai wa danginta kayanta, kai Abba kana kujerar nan. Ka tuna mun bi wata motar siminti tun daga Jogana har Gezawa, hanya fetal ba kowa, ka ƙosa ka ce Baba me kake jira ne. Ban ba ka amsa ba a ranar, domin da na buɗe baki da kuka zan yi a gaban 'ya'yanka. Jira nake a ce mini in wuce.